Kafin a Taɓa Maƙogwaron Lawali

Saratu ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida baban Lawali, ina kuma gaida angona Lawali mai ƙin tuwo. Allah Ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Gummi lafiya. Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare hanya, Ya sa sabon gidan ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari.

Direban da zai kawo muku sauran kaya na ba shi ita. Ba labarin gida zan ba ki ba, ai yanzu kika bar shi. Magana ɗaya ce ta sa na zauna da biro. Ranar da ake ɗaure kayanku, surukarki ta ce in kun isa a nemi wanzami ya duba wuyan Lawali. Babansa kuma ya ce shi likita ya taɓa ambata masa tiyata. Kika ɗago kika dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da naɗe tabarma. Na san kin ji haushi. Ba rashin abin faɗa ba ne. Abin faɗar ne ya yi yawa, mafi yawansa kuma laifina ne, bakina ba zai iya furta shi a gaban surukai ba.

Kin san ke ma kin yi ciwon nan da ke damun Lawali, amma abin da kika sani kaɗan ne. Kina shekara huɗu ya fara miki, lokacin muna Adabka babanki na noman dawa da gero. Sai ki wayi gari jiki zafi rau, ki ƙi kunu. In an matsa miki kika haɗiya, sai ki runtse ido ki dafe wuya. Bakinki ya riƙa wari. Kwana huɗu ko biyar ya sake ki, bayan wata biyu ya dawo.

Iya, kakarki ta wajen uba, ta dube ki sau ɗaya ta yanke hukunci.

"Belu na, ba wani abu ba," in ji ta. "Wanda ya cire mata shi tana jinjira bai kamo shi duka ba, shi ya sake tohowa. A kirawo wani shi ƙarasa."

Wanzami ya zo da hantsi da zabirarsa. Ni na riƙe ki, Saratu. Na matse ƙafafunki cikin nawa, na danne hannuwanki. Ya danne harshenki da ɗan ƙaramin itace, ya zura askarsa, ya fito da ɗan naman da bai wuce ƙwayar wake ba, ya nuna wa Iya. Jini ya ƙi tsayawa sai wajen la'asar, wanda kika haɗiye kika yi ta amansa. Da kika ɗan samu ƙarfi, ɗakin Iya kika gudu. Kwana uku ba ki yarda na taɓa ki ba, don ita ba ta riƙe ki ba, ni na riƙe ki.

Ba a yi wata biyu ba ciwon ya dawo yadda yake. A nan tambaya ta tsaya mini a rai: in belu ne, ga shi an cire, to me ke ciwo yanzu? Na jira kowa ya tafi gona, na ɗauko tocilar babanki da cokali, na lallashe ki da dabino kika buɗe baki. Na danne harshen da mariƙin cokalin na haska.

Har yau ina ganin abin a idona. Wurin belun yana tsakiya, ya warke fes, babu abin da ke damunsa. Amma dama da hagu ga wasu ƙulu-ƙulu guda biyu, jajur, sun kumbura, da ɗigo-ɗigon fari a jikinsu kamar an yayyafa musu gari. Na daɗe ina kallo har kika cije cokalin. Na ɗauko madubi na leƙa nawa bakin. Cikin mako guda babu yaron da ban leƙa bakinsa ba a unguwarmu, har mata suka sa mini suna likitar tocila. Abin mamaki, kowane yaro yana da su. Na wasu ƙanana ne, sai an lura sosai, na wasu da ɗan girma, amma babu masu ja da kumburi irin naki. Daga baya na ji likitoci na ce musu tansil. Ni dai tagwaye nake ce musu.

To kin ji kuskurena na fari. Na bari an sa miki ƙarfe a wuya alhali ban taɓa leƙa wuyan ba. Wanzamin ba mugu ba ne, abin da ya gada ya yanke, ciwon ne ba a can yake ba. Ki leƙa bakin ɗanki da idonki, da rana, lokacin da yake lafiya da lokacin da yake ciwo, har ki san bambancin. Kuma ko wa ya ce, kada aska ta shiga maƙogwaronsa a tsakar gida. Wani likita ya gaya mini cewa abin da ya fi ba su tsoro shi ne wanzami ya wuce belu ya kai hannu ga tagwayen, don jinin wurin in ya ɓalle ba a tsayar da shi da toka ko tsumma.

Na biyu kuma magani ne. Da na gane ba belu ba ne, sai muka koma kemis. Babanki in ya je kasuwa ya faɗa wa mai shagon yadda kike, a haɗo masa kwalbar maganin ruwa. In ba ki kwana biyu ko uku, zazzaɓi ya sauka, ki nemi tuwo, sai in rufe kwalbar in adana cikin kwalla don gaba. Ina ganin kaina mai tattali. Har maƙwabta nake sam wa.

Da daminar da kika cika shekara shida, ciwon ya zo da wata kama. Gefe ɗaya kawai ya kumbura. Kika kasa buɗe baki, ko yatsa ba ya shiga. Miyau na dalala don ba ki iya haɗiye shi, maganarki kuma kamar ta mai loma a baki. Tocilata ba ta yi amfani ba ranar. An kwana ana ruwa, kin kuma san hanyar Adabka. Na rungume ki a bayan mai kabu-kabu, babanki na bin mu a kan wani. Sau biyu muna sauka mu ratsa ruwa da ƙafa, yana ɗauke da ke a kafaɗa. Sai bayan azahar muka shiga asibiti a Bukkuyum.

Likita ya ce ƙurji ne ya taru a bayan ɗaya daga cikin tagwayen. Ya sa allura ya zuƙo mugunya, ina tsaye ina kallo, ina mamakin yadda wuyan yarinya ƙarama ya ɗauki wannan abu. Aka kwantar da ke. Wata nas mai yawan fara'a ta zauna kusa da ni tana tambayata.

"Innar Saratu, kina ba ta magani in abin ya tashi?"

"Ba na fashi," na ce, har da alfahari.

"Kwana nawa?"

"In ta warke sai in daina."

Ta girgiza kai. Ta ce ciwon maƙogwaron yara iri biyu ne. Akwai mai zuwa da mura da tari da majina, shi wannan maganin kwalbar nan ba ya yi masa komai, da kansa yake wucewa, ruwa da hutu da maganin zazzaɓi sun isa. Akwai kuma na wasu ƙwayoyin cuta dabam, wanda in likita ya tabbatar shi ne, dole a shanye maganin har kwanakin da aka ɗiba, ko da yaro ya tashi yana wasa. Ta ce in aka yi wasa da irin wannan, wani yaron bayan makonni gaɓoɓinsa su kumbura, wani har ya taɓa masa zuciya. Na ce zuciya? Ina ruwan wuya da zuciya? Ta yi dariya ta ce jiki garin faɗa da ƙwayar cutar ne yake kuskure ya bugi nasa. Na kwana uku ina juya maganar nan, har yau kuma ba ta daina ba ni mamaki ba.

Ban ce rabin maganin da nake ba ki ne ya kawo ƙurjin ba, ita ma ba ta ce ba. Amma na san shekara biyu ina ba ki abin da ban san amfaninsa ba, a lokacin da na ga dama, in janye a lokacin da na ga dama. Ke kada ki yi haka. Kada a sayo wa Lawali maganin ƙwayoyin cuta da saƙon baki, sai an duba shi. In an ba shi kuwa, ya shanye. Ranar da kika ga ya kasa buɗe baki, ko miyau na zuba, ko ruwa ma ya gagare shi, ko numfashi na yi masa wuya, kada ki jira kowa ya dawo daga ko'ina. Ki ɗauke shi ki tafi.

Ranar da za a sallame mu, likitan ya tambaye mu sau nawa ciwon ke kama ki a shekara. Na ce kullum. Babanki ya ce jefi-jefi. Likita ya ajiye bironsa ya dube mu.

"To ni wa zan yi wa magani, mai kullum ko mai jefi-jefi? Ku je ku ƙirga."

Lokacin ban iya boko ba. Na samo zare na rataye a bayan ƙofa, duk tashin ciwon da ya zo da zazzaɓi in ɗaura ƙulli ɗaya. A shekarar muka taso Anka, babanki ya kama sayar da hatsi, na taho da zarena. Da shekara ta zagayo na ƙirga ƙulli bakwai. Na kai ki asibiti ni kaɗai, babanki na kasuwa. Likitan nan ya juya zaren yana murmushi, ya leƙa bakinki, ya ji labarin ƙurjin, ya ce a ganinsa lokaci ya yi da za a kai ki Gusau wurin masu aikin wuya, su duba ko za a cire su. Ya rubuta takarda ya ba ni.

Wannan shi ne babban laifina, kuma ban taɓa gaya miki ba.

Kafin mu shiga wurinsa, a kan benci, na riga na ba matan da ke jira labari, kin san bakina. Wata ta ce ɗan ƙanwar mijinta allurar barci aka yi masa bai farka ba. Wata ta ce in aka cire su murya ke tafiya. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta ji yarinyar da aka yi wa ba ta haihuwa. Ni da ba na barin ko mai tallan gishiri ya wuce ban tambaye shi daga ina yake saro shi ba, na zauna gaban likita, tsakaninmu tebur kawai, ban yi masa tambaya ko ɗaya ba. Kunya nake ji kada ya ce ga baƙauya. Na karɓi takardar, na dawo gida na cusa ta ƙasan kwalla. Da babanki ya dawo na ce masa likita ya ce babu komai, zai wuce.

Bai wuce ba. Shekara biyu kika ƙara. Kika koma numfashi da baki, kina minshari kamar babban mutum, kina ramewa. Malamin makarantar allo ya aiko cewa kina barci a kan allonki. A boko ma haka. Na ɗauka lalaci ne. Wata rana na aike ki niƙa na same ki a zaure kin jingina da bango kina barci, kwanon a cinyarki, kaji na ci. Na zane ki da tsumagiya. Kina kuka kina cewa, "Inna, ba da gangan ba ne." Gaskiya kika faɗa. Ki yafe mini wannan, ɗiyata.

Abin da ya tona asirina shi ne shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara a Dareta da ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Garin nan ya cika da iyaye da 'ya'yansu, kowa a tsorace. Na ji ana cewa dalma na sa yaro kasala da mantuwa, sai zuciyata ta kama wannan, don ya fi mini sauƙi in ce dalma ce da in tuna takardar da ke cikin kwalla. Na ja hannunki zuwa inda ake duba yaran. Wata nas ta ce ƙananan yaran ƙauyukan suke fama da su, ke kin girma, kuma ba a aikin dutse a gidanmu, amma mu zauna in ta samu sarari za ta zo. Muka zauna. Rana tsaka, ga hayaniya, ga kukan yara, kika kwanta a kan benci barci ya ɗauke ki.

Tana wucewa da faranti a hannu sai ta tsaya cak. Kina minshari, sai kika yi tsit. Ƙirjinki na motsi amma iska ba ta shiga. Can sai kika ja numfashi da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga ruwa, kika juya, minsharin ya ci gaba. Ta tsaya har kika yi haka sau uku.

"Tun yaushe take yin wannan?"

Na ce ai haka barcinta yake.

"Wannan ba barci ba ne, Inna. Yarinyar nan ta daɗe ba ta yi barci ba."

Ta tashe ki ta haska bakinki ta ce in matso. Tagwayen sun kusa haɗewa a tsakiya, 'yar kafa ce ta rage. Ta ce in kin kwanta jiki ya saki, sai su toshe hanyar, jikinki ya yi ta farkar da ke ba ki sani ba. Sannan ta ce, "Ba a taɓa ce miki ki kai ta Gusau ba?" Sai hawaye suka zubo mini.

Da la'asar na tarar da babanki yana alwala. Na ɗauko takardar, duk ta yi ja don daɗewa, na durƙusa na gaya masa gaskiya. Ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Can ya ce:

"Takardar da kinka ɓoye cikin kwalla? Na gan ta tun watan da kinka sa ta. Na ɗauka na kai anka karanta min, na maido ta inda take."

"Malam, mi ya hana ka magana?"

"Ni ma tsoro nike ji. Da kinka ce babu komi, sai na ji daɗi."

Kin gani? Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa tsoro iri ɗaya, ke kuma kina biya da numfashinki. Saboda haka duk abin da likita ya gaya miki, ki gaya wa baban Lawali yadda aka faɗa, har da abin da ya ba ki tsoro. In da hali ku shiga tare. Matan benci kuma ki gaishe su, ki ji nasu, amma ki shiga da maganarsu wurin likita ki ajiye masa a tebur, ki ce ga abin da na ji, yaya gaskiyarsa? Sannan ki riƙa zama kusa da Lawali in yana barci ki saurara. Ku yanzu kuna da waya, ki ɗauki hoton barcin mai motsi da sauti ki nuna wa likita, ya fi dogon bayani.

Gusau kuwa da shirina na je. Ko kin tuna ke kika rubuta mini tambayoyina a bayan littafinki, da rubutunki na 'yar aji uku? Guda ɗaya ce ban ba ki kin rubuta ba, na riƙe ta a ka. Likitan wani mai furfura ne, ba ya gaggawa. Na ce masa ni baƙauya ce kuma ina da tambayoyi. Ya ce baƙauyen da ke tambaya ya fi masa sauƙin aiki.

Na ce, Allah bai halicci abu a banza ba, mene ne aikinsu? Ya ce masu gadi ne a bakin ƙofa, suna taimaka wa jikin ƙaramin yaro ya san ƙwayoyin cuta ya koyi faɗa da su. Na ce to in an cire masu gadi fa? Ya ce ba su kaɗai ba ne, akwai irinsu da yawa a wuya da sauran jiki masu wannan aiki, shi ya sa ba a cire lafiyayyu, ba a kuma jin tsoron cire waɗanda suka zama su ne matsalar. Na ce murya? Ya ce murya can ƙasa take fitowa, ba zai je kusa da ita ba. Na ce haihuwa? Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ga Lawali nan ya ba da amsa. Na ce in an cire shi ke nan ba za ki ƙara ciwon wuya ba? Ya ce a'a, kada in ɗauka haka, za ki riƙa yi kamar kowa, sai dai ba irin wancan ba.

Sai na ce ki fita ki jira babanki a waje, na yi tambayar da na riƙe. Na ce, za ta iya mutuwa?

Bai ce mini a'a ba, shi ya sa na yarda da shi. Ya ce babu tiyatar da ba ta da haɗari, allurar barci tana da nata, amma abin da ya fi sa wa ido shi ne jini, ranar aikin da kuma wajen mako guda bayansa, lokacin da ɓawon ciwon ke faɗuwa. Ya ce abu ne da ba ya yawan faruwa, amma in ya faru ana son asibiti kusa. Ya ce barin ki haka ma yana da nasa haɗarin, kuma a wurinki na barin ya fi na yin. Ya ce mu je mu yi shawara, ba yau ba. Muka yi istihara, muka dawo.

Da aka fito da ke na roƙe shi ya nuna mini su. Ma'aikatan suka yi ta dariya, amma ya sa aka kawo a 'yar kwalba. Kowanne bai fi dabino ba, duk ramuka-ramuka a jikinsa. Na juya kwalbar ina cewa a raina, yanzu waɗannan ne suka hana mu sakat shekara biyar?

Jinyar ba wasa ba ce, kada wani ya ce miki wasa ce. Kin yi kwanaki kina kukan wuya da kunne. Wurin ya yi fari fat, na tsorata na ce mugunya ce, suka ce haka yake warkewa. Faɗanmu kullum a kan shan ruwa ne, don sun ce in wuyan ya bushe ciwon ƙaruwa yake. Kunu mai sanyi da nono da ruwa, cokali-cokali. Muka ƙi komawa Anka, muka zauna mako biyu a gidan wata 'yar'uwar babanki. Rana ta takwas da safe kika tofar da jini ja. Da ba a gaya mini ba, da na ce ɗan kaɗan ne. Muka ruga, suka kwantar da ke kwana ɗaya suna dubawa, ya tsaya. Na sha tuna cewa da a hanyar Adabka abin ya same mu fa? In har aka zo ga yi wa Lawali, ki fara tambayar inda za ku zauna bayan aikin kafin ki tambayi ranar aikin.

Bayan wata guda na shigo ɗaki da rana na same ki kina barci shiru, baki a rufe. Na yi maza na sa hannu a hancinki. Lafiya lau, barci ne irin na mutane. A shekarar kika canja zane sau biyu don tsawo.

Yanzu za ki ce to Inna ta ce a cire. Ban ce ba, saurari na ƙarshe. Ganin yadda kika warke sai na zama mai wa'azin tiyata. Ƙanenki Murtala na shekara biyar ya fara nasa, sau uku a shekara ɗaya, na ɗauke shi sai Gusau, na ce wa likita a cire tun kafin su wahalar da mu. Ya duba shi, ya tambayi barcinsa, ya tambayi cin abincinsa da makarantarsa, ya ce ba zai taɓa shi ba. Na ce ai yayarsa an yi mata. Ya ce, "Yayarsa aka yi wa, ba gidanku aka yi wa ba." Ya ce yawancin yara ciwon na raguwa da kansa in suna girma, tagwayen ma su ƙanƙance, kuma su likitoci sai abin ya kai wajen sau bakwai a shekara, ko biyar-biyar shekara biyu a jere, ko yana toshe numfashi, ko ƙurji na dawowa, sannan suke maganar cirewa. Na fito ina fushi, ina cewa ya raina ni. Murtala bai kai shekara tara ba abin ya bar shi. Nasa suna nan a wuyansa har yau, ga shi ƙato. Da an biye mini, da an yanka yaro a banza.

Ɗaya na jinkirta mata abin da take bukata, ɗaya na so in gaggauta masa abin da ba ya bukata, duka biyun kuma ina ganin gaskiyata a lokacin. Shi ya sa ba zan ce miki a cire ko kada a cire ba. Ban sani ba, kuma na daina jin kunyar faɗin haka.

Abin da na sani game da angona shi ne wannan. Na leƙa bakinsa, kin san ba zan bari ba. Nasa sun fi na Murtala girma, ba su kai naki ba. Daga kakar bara zuwa yanzu sau huɗu na ƙirga, ban da wanda ya yi kuna wurin dangin babansa, wannan ke kika san ko da zazzaɓi. Minshari kuwa sai yana mura nake jin sa. Ki samu ɗan littafi ki ci gaba daga nan: ranar da ya fara, ko da zazzaɓi, kwana nawa ya yi, wane magani aka ba shi, wa ya duba shi. Da shi za ki shiga wurin likita, ba da kullum ko jefi-jefi ba.

Surukarki kuma kada ki yi musu da ita. Son jikanta ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, abin da ta taso ta gani ke nan. Iya ta rasu tana nan a kan belu ne, don ban taɓa kiran ta na nuna mata abin da na gani ba, ina tsoron kada a ce na yi rashin kunya. Ke in ta zo Gummi, ki bari sai ciwon ya tashi, ki ce, "Inna, zo ki taya ni dubawa, idona bai kai naki ba." Ki miƙa mata fitilar ta haska da hannunta. In ya so ranar asibiti ku tafi da ita, ita ma ta yi nata tambayoyin.

Akwai tambayar da ni har yau ban samu amsarta ba, in kin samu likita mai haƙuri ki yi mini ita. Me ya sa ciwon ke zaɓe? Ku biyar na haifa, tukunya ɗaya, randa ɗaya, ɗaki ɗaya, ya kama biyu ya bar uku. Mutane na cewa ƙanƙara ce, amma wanda ya fi kowa shan ƙanƙara a cikinku bai taɓa yi ba. Ko gado ne? In gado ne, daga wajena ko daga wajen babanki? Shi dai ya ce ba daga wajensu ba.

Shawarar taku ce, ke da baban Lawali. In kuka yanke a jira, zan jira tare da ku, ba za ki ji na ce da kun sani ba. In kuka yanke a yi, ki aiko tun da sauran kwanaki, ko hanya yaya take zan zo in zauna a bakin ƙofar tare da ke.

Allah Ya ba Lawali lafiya mai ɗorewa, Ya raya shi, Ya sa ya gaji na gari. Ya haɗa ku da likita mai tsoron Allah da sauraren mutane. Ya ba ki ido mai lura da zuciya mai natsuwa. Ya tsare fitarku da shigarku, Ya kiyaye garin da kuke da wanda kuka baro, Ya sada mu da alheri. Babanki na sa muku albarka.

Ba sai kin ba ni amsa a rubuce ba. In kin samu sabis ki kira, ki ba angona wayar ya gaishe ni. Daga muryarsa zan gane yadda wuyan yake.

Wassalam.

Innarki